Dandali Ya Watse: Neman Wasan Kiɗa da Rawa Na Cikin Gida

A Sallar Gani da ta gabata na je gida Daura, na sauka a gidan yayata. Bayan sallar isha'i, lokacin da a zamanin ƙuruciyarmu tafin 'yan mata ke tashi daga kowace unguwa, sai na ji gari tsit in ban da ƙugin janareta. 'Ya'yanta mata uku suna zaune a kan tabarma ɗaya, kowace ta duƙufa a kan waya, babu mai ce wa 'yar'uwarta uffan. Na tambayi babbar, mai shekara 14, ko ta iya gaɗa. Ta ce, "Kawu, an dai taɓa sa mu mun yi a makaranta, ranar al'adu."

Ban ga laifin uwarsu ba. Dandali ya watse ne saboda dalilan da kowa ya sani: karatun dare, tsoron halin da ƙasa take ciki, da kaffa-kaffar iyaye game da tarbiyya. Yaro namiji bai yi asara sosai ba, yana da filin ƙwallo. Yarinya kuwa daga boko sai Islamiyya, daga Islamiyya sai ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya sami aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum. Iyayenmu mata suna biyan wannan bashi ba tare da sun san sunansa ba, da gaɗa da carabke da luguden daka. Injin niƙa ya ɗauke turmi, waya ta ɗauke sauran.

Yayata ce ta ɗora mini aikin. "Tun da ba za a raba su da allon nan ba," in ji ta, "ka nemo musu abin da zai sa su miƙe tsaye." Ga abin da na gano, ko zai amfani wani magidanci daga Daura zuwa Zango da Baure.

Wasannin kiɗa na na'ura duk tushensu ɗaya ne: waƙa tana tafiya, alamomi suna sauka a kan allo, mai wasa ya motsa daidai lokacin da alama ta iso. In ya dace da bugu ya ci maki, in ya riga ko ya makara ya faɗi. Waɗanda suka cika wayoyi, inda ake dangwala allo da yatsa, na ajiye su gefe tun farko. Su ne cutar, ba maganin ba.

Kakan wasannin da ke tayar da mutum tsaye shi ne Dance Dance Revolution, wanda kamfanin Konami ya fitar a Japan a 1998. Ana tsayawa a kan tabarma mai kibau huɗu, gaba da baya da dama da hagu, ana taka kibiyar da allo ya nuna. Ba wasan yara kaɗai ba ne: a 2006 jihar West Virginia ta Amurka ta ɗauki matakin shigar da shi makarantun gwamnati don yaƙar ƙibar ɗalibai.

Wanda ya fi shahara a yau shi ne Just Dance na kamfanin Ubisoft na Faransa, wanda ya fara fitowa a 2009. A nan babu tabarma. Mutum yana kwaikwayon mai rawar da ke cikin allo. Akwai samfurinsa mai suna Just Dance Now, wanda ba ya buƙatar komai sai waya a hannu da allon kwamfuta ko talabijin mai intanet. Sauƙinsa ke nan, kuma a nan tarkonsa yake. Yana shan data, yawancin waƙoƙin sai an biya, kuma motsin hannun da ke riƙe da wayar kawai yake aunawa. Autar yayata ba ta yi kwana biyu ba ta gano cewa za ta iya zama a kujera tana kaɗa hannu, ta cinye yayyenta da ke zufa. Wanda ya dace da tsohuwar na'urar Wii ta hannu ya huta da maganar intanet, domin a faifai wasan yake zuwa, kuma an ci gaba da fitar mata da shi har zuwa Just Dance 2020.

Sai dai babbar matsalar ba ta kuɗi ba ce. Waƙoƙin da rawar da suturar masu rawar duk an tsara su ne don wasu gidaje, ba namu ba. Akwai waɗanda babu aibu a cikinsu, akwai kuma waɗanda uba ba zai so ya shigo ya tarar da 'yarsa tana kwaikwayo ba. Dole babba ya zauna ya tace kafin ya miƙa. Afirka ta ɗan leƙo ciki, da "Jerusalema" ta Master KG da "Calm Down" ta Rema, amma kalangu da ƙwarya ko ƙyallinsu babu.

Na daɗe ina kallon wani wasan, Taiko no Tatsujin na kamfanin Namco, wanda ya fito a 2001. Gangar gargajiyar Japan aka mayar wasa: jar alama a bugi tsakiyar fata, shuɗiya a bugi gefe. Japanawa ba su jira wani ya zo ya adana musu gangarsu ba. Sun sa ta a hannun jikokinsu ta ƙofar da jikokin suke shiga. Mu da muke garin da tambari da kakaki ke rakiyar Sarki, abin ya isa ya sa mu tsarguwa.

Wannan ne ya kai ni ga StepMania, kuma shi nake ba da shawara a kai. Manhaja ce ta kwamfuta, kyauta, mai bin tsarin kibau huɗu na Konami. Ba ta neman intanet bayan an sauke ta, tsohuwar kwamfutar cinya ta ishe ta, saboda haka ɗauke wuta ba ya tsayar da wasa nan take. Tabarmar takawa ana jona ta ne da USB. Sai an yi cigiya a Kano ko a yi odarta. Abin da ya bambanta ta shi ne, kowa na iya sa waƙar da ya ga dama, ya jera mata kibau da kansa. Uwa ce za ta zaɓi abin da zai tashi a tsakar gidanta.

Aikin ba sauƙi gare shi ba, kada in yaudari mai karatu. Waƙoƙin zamani da ake haɗawa a sutudiyo bugunsu a daidaice yake, jera musu taku ba wuya. Kiɗan hannu kuwa yana numfashi. Makaɗan Mamman Shata sukan ja su kuma sassauta gwargwadon inda waƙa ta nufa, kuma da yawa daga kiɗanmu uku-uku suke tafiya, alhali yawancin waƙoƙin wasannin nan huɗu-huɗu ne. Ana buƙatar mai kunnen makaɗi da haƙurin masaƙi. Ɗaliban kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, waɗanda kowace shekara suke neman aikin kammala karatu, ga fili nan: su naɗi waƙoƙin gaɗa daga bakin tsofaffi, su nemi izinin masu haƙƙin waƙa inda ya kamata, su jera musu taku.

Ni dai na gwada da kiɗan ƙwarya guda ɗaya na marigayiya Barmani Choge, bayan na zaɓi wanda zan iya sa wa yara. Dare uku na yi a kansa. Da tabarma ta iso muka shimfiɗa ta a tsakar gida, yaran suka yi layi, uwarsu tana daga ƙofar ɗaki tana tafi tana gyara musu tsayuwa. Babbar ta taka sau biyu, ta tsaya ta dube ni.

"Kawu, kibiyarka tana riga ƙwarya sauka."

Na sake saurara. Gaskiyarta ce, daga tsakiyar waƙar makaɗan sun ɗan sassauta, ni kuma ban bi su ba. Na bar mata kwamfutar, na nuna mata inda ake gyarawa.