Kirefish a Tukunyar Birni: Wace Koma Ta Kamo Shi, Me Aka Zuba Masa?

Da can, in kika ji ƙamshin kirefish a Kano, to Sabon Gari kike, layin matan kudu masu kayan miya. Yau kuwa ya tsallako ganuwa ya zauna daram. Yana kasuwar Rimi, yana Kurmi, yana teburin mai kayan miya a lungunan Yakasai da Mandawari, ƙulle a leda. Ana saka shi a miyar kuka da ta kuɓewa, a alale, a dafa-duka, har a garin kunun yaye. Ba abin ƙi ba ne. Yana gina jiki, kuma da yake da ɓawonsa ake cinsa, yana ƙarfafa ƙashin yaro. A mazhabar Malikiyya da muke bi, abin da ke rayuwa a teku halal ne, don haka nan babu ja. Abin da ya rage, uwargida, shi ne ki san abin da kike saye.

Kirefish ɗin kasuwa ƙananan jatan lande ne na bakin teku, inda koguna ke zuba ruwansu a gishiri. Ba kiwonsa ake yi ba, kamo shi ake yi. Masunta a cikin kwale-kwale suke fitar da shi a Oron da Ibeno da Mbo na jihar Akwa Ibom, da yankin Bakassi da Kalaba, mata su kyafe shi da hayaƙin itace, a ɗura a buhu. Tsakanin wannan gaɓa da Kano akwai fiye da kilomita 800 a miƙe, balle a kan titi. Buhun da ya yi wannan tafiya ya bi hannu da yawa, ya kwana a sito da yawa, kuma a nan ne matsalar take farawa.

Busasshen nama na kiran ƙwari. Ɗan kasuwar da ya tara buhuna yana jiran tsada ba ya son ya buɗe ya tarar da gari da tsutsa, sai marar tsoron Allah a cikinsu ya yayyafa fiya-fiya ko Sniper. Gubar da ke cikinsu ita ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta haramta sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni barkatai. Maganin gona ne, ba na abinci ba. Wanda ya sha shi da yawa zai yi amai da zawo da dalalar yawu, numfashi ya sarƙe. Ƙanƙani kuwa a kullum, a kunun jinjiri, ba wanda zai ga ranar da ya fara aiki. Saboda haka ki sunsuna kafin ki biya. Mai kyau ƙamshin hayaƙi da teku yake yi. In kika ji warin magani, ko ya sa ki atishawa da yaji a ido, ki ajiye. In yana danƙo a yatsa ko ya yi furfura, ya sha raɓa, shi ma ki bar musu.

Shawarata guda ce, kuma komai na wannan magana a kanta ya rataya: ki sayi gudansa, kada ki sayi niƙaƙƙe. Gari ba ya faɗin asalinsa. A cikinsa ake ɓoye yashi da dattin ƙasan buhu da wanda ƙwari suka gama cinyewa. Gudan kuwa, in kika baza shi a faifai, zai ba ki labarin komar da ta kamo shi.

Ki duba da kyau. Ƙanƙantar kirefish ɗin kansa ba laifi ba ce, irinsa ne haka, ko ya tsufa bai kai tsawon yatsa ba. Abin lura shi ne 'yan kifayen da ke cakuɗe a ciki. Koma mai matsattsen ido ba ta zaɓe, takan kwashe 'ya'yan manyan kifayen teku tun ba su kai ga yin ƙwai ba. Mu da muka san ƙa'idar su a Argungu, inda ake hana taɓa ruwan Matan Fada sai lokacinsa ya yi, ba sai an yi mana dogon bayani ba: wanda ya cinye iri, baɗi sai ya sayi tsaba. In mudun da aka auna miki rabinsa 'yan kifi ne, an cuce ki a awo, an kuma cuci tekun. Ki gaya wa mai kaya, “Malam, tsabarsa nake so.” Yana ji daga masu saye biyar, zai gaya wa dilansa.

Manyan jatan lande na cikin ƙanƙara, waɗanda ake samu a manyan kantuna da gidajen sanyi, labarinsu daban ne. Jiragen ruwa ne ke jan koma a ƙasan teku, kuma a duniya babu sun da ya kai wannan ɓarna: tare da jatan landen ake kwaso kifi da kaguwa da kunkurun ruwa, a zubar da mafi yawa a mace. Dokar sun teku ta Najeriya ta 1992 ta hana irin waɗannan jirage shiga mil 5 na farko daga gaɓa, don a bar wa masu kwale-kwale. Amurka kuma, da dokarta ta 1989, ba ta karɓar jatan landen da aka kamo da komar da ba ta da ƙofar da kunkuru zai kuɓuta. Kasuwa ce ta tilasta saka ƙofar, ba wa'azi ba. A Turai akwai shuɗin tambari a jikin fakiti mai nuna an yi sun bisa ƙa'ida. A Kurmi babu tambari, sai idonki da hancinki.

Akwai kuma gandun itatuwan bakin teku na Neja Delta, mafi girma a Afirka, inda jatan lande ke renon 'ya'yansa a cikin saiwoyi. Malalar man fetur irin ta Bodo a 2008 ta kashe ɗimbin itatuwan, sara don itacen kyafi ma na ci. Duk ranar da kika ji gwangwanin kirefish ya ƙara kuɗi, ba kuɗin mota ne kaɗai ba.

To sai girki. Busasshen, ki tsince shi, ki sheƙe a faifai yashi ya fita, ki ɗauraye da sauri a ruwan ɗumi, ki shanya ya bushe ƙarau. Ki ɗan gasa shi a busasshen kasko ba mai, minti biyu zuwa uku, sai ƙamshi ya tashi, sannan ki daka iya na mako guda ki rufe a kwalba. Cokali ɗaya ko biyu ya ishi tukunyar miya, kuma in ya haɗu da daddawa za ki rage dunƙulen ɗanɗano da kanki. A miyar kuka, ki saka shi tun ruwan na tafasa, kafin ki kaɗa kukar.

Ɗanyen na ƙanƙara ya fi son kulawa, musamman a garin da wuta ke zuwa ta tafi. Fakitin da ƙanƙararsa ta dunƙule wuri guda ya narke an sake daskarar da shi, mai warin fitsari kuwa ya lalace. Ki narkar da shi a ruwan sanyi, ba a rana ba. Ki ɓare, ki tsaga bayansa ki zare baƙin zaren nan, hanjinsa ne. Gishiri, tafarnuwa, citta da attaruhu sun wadatar. A mai mai zafi, minti biyu kowane gefe, da ya yi ja-ja ya lanƙwashe sai ki kwashe, in ya daɗe tauri yake yi. A dafa-duka ma sai shinkafa ta kusa tsotsewa ake zuba shi.

Wasu jikinsu ba ya karɓarsa ko kaɗan. In yaro zai fara ci, a ba shi ɗan kaɗan da rana a sa masa ido. Ƙaiƙayi, borin jini, kumburin leɓe ko na fuska, alama ce a daina. In numfashi ya fara shaƙewa, ba manja ba madara, a ɗauke shi zuwa asibitin Murtala ko mafi kusa nan take.