Ƙarfen Daidaita Haƙora: Ciwon da Ake Jurewa da Wanda Ba A Yi Wa Jinkiri

Yi wa haƙori ado ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Alhazai sun daɗe suna dawowa da haƙorin Makka, wushirya kuwa har gobe abin yabo ce. Sabon abu shi ne ƙarfen daidaita haƙora, wanda yanzu ake gani a bakin ɗalibai a Katsina da Dutsin-Ma, cikinsu har da 'ya'yan Batsari da Safana. Wannan ƙarfe magani ne, kuma yana tafe da ciwo.

Dalilin ciwon shi ne wayar tana tura haƙori a hankali, ƙashin muƙamuƙi yana zaizayewa ta gefen da ake turawa, yana sake ginuwa ta ɗaya gefen. Zogin yakan fara sa'o'i kaɗan bayan an sa ƙarfen, ya tsananta a kwana na farko da na biyu, ya lafa cikin mako guda. Yakan dawo duk lokacin da likita ya ƙara ɗaure wayar, wato bayan mako 4 zuwa 8, kuma aikin kan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu.

Wannan ciwo ana iya sauƙaƙa shi a gida. A sha farasitamol bisa ƙa'idar da ke jikin kwalinsa. A kurkure baki da ruwan ɗumi kofi guda da aka zuba wa gishiri rabin ƙaramin cokali. Inda ƙarfen ke gogar kumatu, a manna kakin da likita ke bayarwa. A koma ga kunu, koko, fate da tuwo mai laushi. Ƙuli-ƙuli, aya, rake, kilishi, goro da gasasshiyar masara kuwa a ƙaurace musu, domin su ne ke ɓalle ƙarfe. A riƙa goge baki da buroshi mai laushi bayan kowane cin abinci.

Akwai kuma ciwon da haƙuri ba ya magani: kumburin fuska ko dasashi, zazzaɓi, fitar mugunya, gyambon da ya wuce mako biyu, ko wayar da ta karye tana sukar nama. A nan ne matsalar mutumin Batsari da Safana take. Ƙwararrun wannan fanni kaɗan ne, akasarinsu a manyan birane kamar Kano da Zariya, ga tsadar mota, ga fargabar hanyoyin da ke kusa da Dajin Rugu. Wannan ne ke tura wasu ga mai filaya a bakin kasuwa, ko ga masu manna ƙarfen kwalliya ba tare da duba lafiyar baki ba. Haƙorin da aka tura ba bisa ilimi ba yana iya girgiɗewa ya faɗi, kuma na babba ba ya sake tsirowa.

Saboda haka, kafin iyaye su biya kuɗin ƙarfe, su ƙidaya tafiye-tafiyen da ke gaba, su kuma karɓi lambar wayar likitan. Gwamnatin jiha ita ma ta horar da ma'aikatan haƙori na asibitocin ƙananan hukumomi kan taimakon gaggawa, ko da yanke wayar da ta tsiro ne, domin kada yaro ya hau hanya mai haɗari a kan aikin minti biyar.