Hutun Bakin Teku A Tsibirin Rodos: Abin Da Ya Kamata Musulmi Ya Sani

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wani ma'aikacin gwamnati ya same ni da tambaya. Ya ce hutunsa na shekara ya kusa, Allah kuma Ya hore masa abin hannu, abokan aikinsa suna ta kwaɗaita masa zuwa Rodos, wani tsibiri na ƙasar Girka, domin shan iska a bakin teku. Shin ya halatta ya tafi da iyalinsa? Na ga tambayar ba tasa ba ce shi kaɗai, domin attajiranmu da manyan ma'aikata da yawa sun fara irin wannan tafiya, shi ya sa na ga ya kyautu in amsa a wannan fili.

Amsar a taƙaice ita ce, tafiya ba ta da hukunci ɗaya, tana bin niyyar mai ita da abin da zai aikata in ya isa. Allah Ya hori bayinSa a wurare da dama cikin Alƙur'ani da su yi tafiya a bayan ƙasa su dubi ƙarshen al'ummun da suka shuɗe, hutar da jiki kuma haƙƙi ne da shari'a ta sani. Amma sharaɗin malamai game da zuwa ƙasar da ba ta Musulmi ba shi ne mutum ya iya tsai da addininsa, ya kuma amince wa kansa daga fitina. To, bari mu auna tsibirin da wannan ma'auni.

Rodos yana cikin Bahar Rum, kimanin kilomita 18 daga gaɓar Turkiyya. Daga Atina, babban birnin Girka, tafiyar kusan sa'a ɗaya ce a jirgin sama. Masu yawon buɗe ido sun fi cika shi daga Yuni zuwa Agusta, watau lokacin zafinsu, wanda ya yi daidai da daminarmu. Zafin ba na wasa ba ne, a Yulin 2023 gobarar daji ta sa aka kwashe kusan mutum 20,000 daga ƙauyuka da masaukai na tsibirin.

Abin da yawancin masu zuwa ba su sani ba shi ne, ƙafar Musulmi ta daɗe da taka wannan ƙasa. Wajen shekarar 654, zamanin Halifa Usmanu, jiragen ruwan Mu'awiya, wanda yake gwamnan Sham a sa'an nan, suka kai farmaki tsibirin. Daga baya, a farkon ƙarni na 14, ya faɗa hannun mayaƙan Kirista da ake kira Jaruman Yahaya, su ne suka gina ganuwar nan mai kauri da har yau take kewaye da tsohon birni. Rundunar Sarki Muhammadu Alfatih ta kewaye su a 1480 ba ta yi nasara ba. A 1522 Sarki Sulaimanu na Daular Usmaniyya ya zo da kansa, ya tsare birnin wata shida har suka sallama, ya bar su suka fita da ransu da dukiyarsu. Tsibirin ya zauna a hannun Usmaniyawa shekara 390, sai a 1912 Italiya ta ƙwace shi, aka kuma miƙa shi ga Girka da yarjejeniyar 1947.

A nan akwai wani abin lura. A 1923 Girka da Turkiyya suka yi musayar jama'a, aka kwashe Musulmin yawancin ƙasar Girka zuwa Turkiyya, har tsibirin Kirit, inda Musulmi suka daɗe, ya wayi gari babu su. Musulmin Rodos kuwa ba a taɓa su ba, saboda a lokacin suna ƙarƙashin Italiya. Shi ya sa har yanzu jikokinsu suna nan, 'yan dubbai kaɗan, suna sallar Juma'a a Masallacin Ibrahim Basha da aka gina a 1540. A cikin tsohon birni kuma akwai Masallacin Sulaimanu, daura da shi ga ɗakin karatu na Hafiz Ahmad Aga, wanda aka kafa a 1793, yana ɗauke da Alƙur'anai da littattafan rubutun hannu na Larabci da Farisanci da Turkanci. Duk wanda ya isa tsibirin ya kasa ziyartar waɗannan 'yan'uwa, ya haɗa sahu da su ko sau ɗaya, lalle ya yi hasarar mafi alherin tafiyarsa.

Sai batun salla. Mu a ƙasar Hausa mun saba da cewa alƙibla ita ce gabas, har kalmomin biyu suka zama ɗaya a bakinmu. A Rodos ba haka ba ne, Makka tana kudu maso gabas da tsibirin, ta ma fi karkata kudu. Wanda ya dubi mafitar rana ya tayar da kabbara ya kuskure. Lokutan ma sun saɓa da namu, a Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe takwas, alfijir kuma yakan keto wajen ƙarfe huɗu, saboda haka mai raba dare da hira asuba za ta kuɓuce masa.

Game da ƙasaru, littafin Risala ya bayyana cewa ana yin sa a tafiyar da ta kai mil 48, amma wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri, ko abin da zai kai salla 20, to, cika salla zai yi. Ke nan mai hutun mako guda a masauki ɗaya ba ya ƙasaru daga ranar da ya sauka. Muhtasar na Shehu Halilu ya ƙara da cewa sunnar ƙasaru ba ta shafi wanda ya yi tafiya domin saɓo ko domin wargi ba. Masu sharhi suka ce ga na farko hani ne, ga na biyu karhanci. Kowa sai ya tambayi zuciyarsa a wane sahu tafiyarsa take.

Abinci kuma yana son hattara. Girkawa Kiristoci ne, yankan Ma'abota Littafi kuwa halal ne bisa asali. Sai dai naman alade ya yawaita ƙwarai a girkinsu. Tsiren nan nasu da suke kira suflaki, da yankakken gasasshen nama da suke kira giros, galibi na alade ne, in ba an ce na kaza ko na rago ba ne, kuma sau da yawa wuƙa ɗaya da tukuba ɗaya ake amfani da su. Akwai kuma wani abin sha mai ƙamshi da suke kira uzo, wanda akan miƙa wa baƙo don karramawa, giya ce mai ƙarfi. Mafita tana kusa, domin a mazhabar Malik duk abin da ke rayuwa cikin teku halal ne, ga kifi iri iri, ga zaitun da cuku da gurasa da kayan lambu.

Yanzu mun iso ga babban al'amari, watau bakin tekun kansa. Iyo ba laifi ba ne, magabata sun so a koya wa yara shi, ruwan teku kuma mai tsarki ne mai tsarkakewa, har alwala ana yi da shi. Matsalar ita ce tsiraici. Al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa, mace kuwa duk jikinta ne ban da fuska da tafin hannu. A manyan wuraren wanka na tsibirin, musamman Faliraki da ya yi suna da mashaya da raye-rayen dare, maza da mata a cuɗe suke da ɗan abin da bai kai bante ba. Kada mu yaudari kanmu, ba mai zama wuni guda a tsakiyar wannan taro ya ce ya runtse ido. Wanda ya kai 'ya'yansa wurin ya koya musu da aikinsa abin da wa'azin shekara ba zai kankare ba.

Shawarata ga wanda ya ƙudura tafiya ita ce ya zaɓi Mayu ko Oktoba, lokacin da taro ya ragu, farashi kuma ya sauka. Ya kama masauki nesa da mashaya, ya fita teku da sassafe bayan asuba tun jama'a ba su fito ba, ya nemi lungun da babu cunkoso, sauran wunin kuma ya ba tsohon birni da masallatansa. In ya san ba zai iya kiyaye wannan ba, barin tafiyar ne wajibinsa. Kafin duk wannan ma, ya duba littafinsa: ya sauke faralin Hajji? Ya fitar da zakka? Akwai mai bin sa bashi? Ba ya kyautuwa a kashe kuɗin biza da jirgi da masauki a kan hutu alhali haƙƙin Allah ko na bayinSa yana rataye a wuya.

A arewacin birnin Rodos, 'yan taku kaɗan daga wurin wankan da ake kira Eli, akwai Masallacin Murad Rayis da tsohuwar maƙabartar Musulmi a ƙarƙashin itatuwan turare. An sassaƙa kawunan duwatsun kaburburan da siffar rawani, an rubuta sunayen masu su da harufan Larabci. A cikinsu akwai jagororin jiragen yaƙi da manyan ma'aikatan daula, mutanen da suka riƙe dukiya da muƙami kamar yadda wasunmu suke riƙe da su a yau. Na ce wa mai tambayata, in ya je, ya fara tsayawa a nan ya yi musu sallama da addu'a, sa'an nan ya nufi ruwa.

Allah Ya kiyaye mana imaninmu a gida da tafiya, Ya mai da matafiyanmu ga iyalansu lafiya, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.