Guci: yadda na'ura ke gane ko gona ta ci burtali

Da damina ta faɗi, a karkarar Guci kamar sauran sassan jihar Damagaram, rigimar manoma da makiyaya kan taso daga tambaya guda: gonar nan ta shiga burtali ko ba ta shiga ba? Dokar tsarin karkara ta 1993 ta ɗora tantance wannan a kan hukumomin kula da filaye, wato COFO, kuma dokar kiwo ta 2010 ta hana kowa mallake filin kiwo. A yau kwamfuta na iya taimakawa.

Ma'aikaci zai zagaya gonar da na'urar GPS, yana ɗaukar lambobin kowace kusurwa. Idan aka haɗa su sai siffar gonar ta fito. Haka ake yi wa burtali, a adana duka a rumbun bayanai irin PostGIS, sannan a tambaye shi.

Dabarar ba ta da wuya. Don sanin ko rijiya na cikin wani fili, na'ura kan ja layi daga rijiyar zuwa can waje, ta ƙirga sau nawa ya ƙetare iyaka. Sau 1 ko 3, tana ciki. Sau 2 ko 4, ko bai ƙetare ba sam, tana waje.

Sai dai yadda aka yi tambayar shi ne komai. Umarnin ST_Within ba ya cewa "i" sai gonar ta faɗa cikin burtali ɗungurungum. Wanda ya ci taku 10 kawai daga gefe, kuma galibi haka cin burtali yake, na'ura za ta wanke shi tas. Umarnin da ke kama shi shi ne ST_Intersects, mai duba ko siffofin biyu sun haɗu ko da a wuri guda, sannan a auna faɗin abin da aka ci.

Akwai kuma matsalar tsohuwar taswira. Guci na cikin gundumar Magariya har 2011, lokacin da Dungas ta zama gunduma. Rumbun da ba a sabunta iyakokinsa ba zai tura takardun gonar Magariya, alhali hukumar Dungas ce ke da hurumi.

GPS ta wayar hannu kan yi kuskuren mita kaɗan, wanda a bakin burtali ya isa ya haɗa maƙwabta faɗa. Don haka sai an koma wurin da mai gari da dattawan da suka san inda aka kafa turakun iyaka.