Shayin Da Ke Ƙara Tsada In Ya Tsufa

Malamai da akawunan Batsari da Safana sun saba da koren shayin ƙasar Sin, wanda Buzaye da Fulani ke dafawa a 'yar buta bisa garwashi. Wannan sabonsa ake so. In ya daɗe ƙanshi ya gudu, sai ɗaci. Amma akwai wani iri mai suna Pu'er, daga lardin Yunnan, wanda masu hali ke saye su ajiye kamar yadda mutanenmu ke ajiye dukiya a shanu.

Wanda ya ga yadda mata ke rufe dafaffiyar kalwa har ta zama daddawa ba zai yi mamaki ba, gama shi ma ƙananan halittu da ido ba ya gani ke aiki a jikinsa. Akan shanya ganyen a rana, a turara, a danne shi kamar faifai, yawanci giram 357, a ɗaure bakwai-bakwai cikin ɓawon gora. Alfadarai suka riƙa kai shi Tibet a zamanin da. Ɗanyensa yakan shekara goma, ashirin ko fiye kafin ɗacinsa ya kwanta. A 1973 masana'antar Kunming ta fito da dabarar tula ganyen, a yayyafa ruwa, a rufe, ya nuna cikin kamar wata biyu. Wannan ba laifi wajen sha, amma ba shi ne masu tarawa ke zuba wa kuɗi ba.

To, ga inda haɗarin yake. Takardar da aka naɗe shi ciki ba shaida ba ce, don akan buga ta jabu. A 2007 farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, jama'a suka yi ta rububi, cikin 'yan watanni ya faɗi warwas, da yawa suka tafka hasara. Muna ganin mai albashi kada ya sayi faifai guda sai ya ɗanɗana: ruwan tsohon kirki ja ne garau, ba ya warin rima.

Sai kuma ajiya. A Hong Kong iska mai laima ke nunar da shi. A nan hunturu kan busar da shi ya tsaya cik, damina kuwa ta kawo fumfuna. Kuma yana zuƙar wari, saboda haka ba a haɗa shi ɗaki ɗaya da kananzir ko daddawa.