Joshuwa: jirgin ƙarfen da teku ta kasa karyawa

Duk wanda ya taɓa sayen kaya ya san ƙarko ya fi kyan gani. A tsakiyar teku kuwa, inda babu gareji babu mai ceto, ƙarkon jirgi shi ne ran mai shi.

A 1962 aka ƙera wa wani Bafaranshe, Bernar Mwatesiye, jirgin ruwa mai tafiya da iska, ya sa masa suna Joshuwa. Tsawonsa mita 12, jikinsa ƙarfe ne. Saboda ƙarancin kuɗi, turakun wayar tangaraho ya kafa ya ɗaura filafilansa. Nauyin da ke ƙarƙashin cikinsa ke tayar da shi idan igiyar ruwa ta kwantar da shi.

Ba shi da saurin jiragen tsere, amma daga Agusta 1968 ya yi wata 10 cikin teku bai tsaya a wata tasha ba, ya zagaya duniya har Tahiti.

A 1982 guguwa ta jefa shi tudu a Meziko. Turakun sun karye, jikin ya tsira, aka gyara shi. Yau yana hannun gidan tarihin jiragen ruwa na La Roshel, a Faransa.