Farin Haƙori Ba Shi Ne Lafiyar Baki Ba

Na lura da wata ɗabi'a tamu a nan Gwarzo da maƙwabtanmu na Kabo, musamman 'yan makarantar kwana. Yarinya za ta tsaya gaban madubi ta dirje haƙoran gaba su yi fari tas, saboda su ake gani in an yi murmushi, na ciki kuwa ko oho. To 'yar'uwa, can cikin ne ɓarnar take.

Tun a 1683 wani mutumin Holan, Leeuwenhoek, ya kankaro daudar haƙorinsa ya duba a madubin ƙara girma, ya ga wasu halittu suna motsi. Yau masana sun ƙirga kusan iri 700 na waɗannan ƙwayoyi a bakin ɗan Adam, kuma kowane iri da unguwarsa.

Unguwa ta farko ita ce ramukan saman matauna. Nan masu son zaƙi suke, irin su Streptococcus mutans. Da kin sha alawar madara, gullisuwa ko lemon kwalba, sai su mai da sukarin tsami, tsamin nan ya yi ta cin haƙori kamar minti 30 kafin yawu ya kashe shi. Shi ya sa mai tsotsar minti ɗaya bayan ɗaya har yamma ta fi wadda ta shanye nata lokaci guda shiga haɗari.

Ta biyu ita ce tsakanin haƙora, inda buroshi ba ya shiga. Nan kogo yake farawa a ɓoye, sai ciwo ya hana ki barci sannan ki sani.

Ta uku ita ce gindin haƙori, ƙarƙashin dasashi. Mazauna nan ba sa son iska. Su ke sa dasashi ya kumbura yana jini, kuma su da na can bayan harshe su ke kawo warin bakin da cingam ba ya ɓoyewa. In aka bar daudar nan sai ta daskare ta zama kamar dutse, sai likita ne zai iya kankare ta.

Don haka ki goge baki safe da dare, minti 2, da makilin mai fulorayid. Na daren ya fi muhimmanci, don yawu yana raguwa in ana barci. Ko aswaki ne, ki kai shi har matauna, ciki da waje, ki bi gindin dasashi a hankali, ki goge harshe. Tsakanin haƙora kuwa zaren sakace ake sawa, ban da allura ko tsinken tsintsiya.

Ki duba bakin ƙannenki ma. Mataunin da yake fitowa a shekara 6 na dindindin ne, in ya ruɓe ba shi da canji.

In ciwo ya kama ki, kada ki cusa komai a kogon. Ki je Babban Asibitin Gwarzo, in ta kama a tura ki Asibitin Malam Aminu Kano.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.